Kalandar bikin ƙanwata

Jiya na kai hoton ƙanwata wurin mai buga kalandar biki. Yana buɗewa a kwamfuta ya ce, "Yallaɓai, ta WhatsApp aka turo maka wannan ko?" Da ya ƙara girmansa, zanen lallen hannunta duk ya dagule, ya koma ɗigo-ɗigo.

Na ce to ya mayar da lambar dpi ɗin hoton, wato yawan ɗigo a kowane inci, daga 72 zuwa 300 a manhajar gyaran hoto ta Photoshop mana. Dariya ya yi, wai sauya lamba ba ta dawo da abin da WhatsApp ya matse ya zubar. Takardar A4 a 300 tana buƙatar fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 2480 a faɗi da 3508 a tsawo, nawa kuwa ko kusa.

Sai da mai hoton ya sake turo na asalin a matsayin fayil. Ni da nake cika bakin na san waya!