Na ce mata ta bari sai ya dawo

Shekara takwas ke nan ni da maigidana muna shiga bariki kusan kullum, amma har yau in na bi ta bayan layin ɗakunan ƙananan sojoji sai gabana ya faɗi. A ƙofar ɗaya daga cikin ɗakunan nan na ba wata yarinya shawarar da ta jawo mata asarar da ba zan iya biya ba. Dattawan da ke shirin shiga irin wannan hidima sukan tambaye ni ta ina ake farawa. Ni kuwa wannan labarin nake so su fara ji.

Baba, wato maigidana, ya yi shekara talatin da ɗoriya yana aikin bishara a ƙauyuka, ni kuma ina koyarwa a firamare duk inda aka kai mu. Da muka huta a 2016 muka dawo Kaduna kusa da 'ya'yanmu, sai faston sojoji na wani bariki ya ce yana neman dattawa, mata da miji, da za su riƙa leƙa iyalan da mazansu ke bakin daga. Lokacin ana tsakiyar Lafiya Dole, farmakin sojoji a kan Boko Haram, an kwashi maza an tura Borno da Yobe, wani sai ya shekara biyu ko uku ba a canza shi ba. Ba albashi a ciki, kuɗin keke ma daga ɗan fanshona yake fita. Muka ce mun ji, mun karɓa.

Aikin na yau da kullum ba shi da wani dogon labari. Ƙarfe takwas muna bakin get. Baba ya wuce asibitin bariki wajen waɗanda aka dawo da su da rauni, wani lokaci har asibitin sojoji na 44 in an kai wani can. Ni kuma in bi ɗaki-ɗaki: mai cikin da ba ta da mai raka ta awo, wadda ɗanta ya fara bin yaran banza, wadda kwana goma sha biyu wayar mijinta ba ta shiga. Da la'asar yara su taru a gindin dalbejiya mu yi aikin gida. Laraba zumuntar mata. Ba na tsallake ƙofar Musulma, domin a bariki bango ɗaya ne, famfo ɗaya ne, kuma in waya ta yi ƙara da tsakar dare duk layin ne ke farkawa.

Yarinyar da na ba shawarar, ana ce mata Maman 'Yan Biyu. Ba ta wuce ashirin da huɗu ba, tana suyar awara a kasuwar mami. Mijinta kofur ne, igiya biyu, mutum mai kunya, in ya gaishe da Baba har ƙasa yake durƙusawa da kakinsa. Gab da Ista ta 2018 aka ba shi fas na sati biyu ya zo gida. A kwana na uku na same ta a bakin ƙofa tana tsintar shinkafa a faranti, shi kuma ya fita da tagwayen. Ta ja mini kujera 'yar tsugunno, ta rage murya.

"Mama, akwai maganar da ke cina. Matar saje ta ce in tambaye shi sunan wa ke kan takardarsa ta nes-of-kin, wato ta magaji. Ni ban san ta inda zan fara ba. Ko za ki sa Baba ya yi masa maganar?"

Na ce, "Haba 'yata. Mutum ya fito daga bakin wuta, kwana goma sha huɗu kacal aka ba shi, ki tare shi da zancen mutuwa? Ki bar shi ya huta. Ubangijin da ya dawo miki da shi yau zai sake dawo da shi. In ya dawo gaba ɗaya sai a yi a natse."

Ta ce, "To, Mama." Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Na kama hannunta na yi addu'a, na tashi ina jin na yi aikin Allah.

Na sha juya maganar nan a raina. A lokacin na ɗauka bangaskiya ce ta yi magana. Daga baya na gane tarbiyyar da na tashi da ita ce: a wurinmu, matar da ta tambayi abin da za a bar mata ana yi mata kallon mai jiran mutuwar miji, kuma ana tsoron baki, kada a ambaci abu ya tabbata. Abin da ya fi damuna shi ne ba ra'ayina ta nema ba. Aike ta ba ni zuwa ga Baba, na riƙe aiken a hanya. Ko da daddare ban faɗa masa ba.

A Nuwamban shekarar aka kai wa sojoji harin Metele a Borno. Satin nan ba wanda ya runtsa a bariki, mata na tsaye a bakin famfo da wayoyi a hannu. Mijinta ya bugo, yana lafiya, ba ya wajen. Muka yi godiya a majami'a. Bayan 'yan makonni motarsu ta taka nakiya a hanya. A maƙabartar sojoji ta Maimalari a Maiduguri aka binne shi, ba ta ga gawarsa ba.

Sai da aka gama zaman makoki aka buɗe fayil. Takardar magaji tun ta Defo ce a Zariya, wadda ya cika yana kurtu ɗan shekara goma sha tara, ba mata, ba ɗa. Sunan wansa ya rubuta, kamar yadda yawancin samari ke yi. Ga abin da ya hana ni barci: bayan ya yi aure ya je ofis an buga auren a odar bataliya, da aka haifi tagwaye ya koma an sa sunayensu. Sau biyu ya taka zuwa ofishin nan. Layi ɗaya ya rage bai gyara ba, kuma na tabbata mantuwa ce, domin yana son matarsa. Aikin da ba zai wuce safiya ɗaya ba, a cikin kwana goma sha huɗun da na ce a bar shi ya huta.

Ba na ɗora wa ofis laifi, abin da takarda ta ce suka bi. Haƙƙin sojan da ya mutu a bakin aiki ba ta ƙofa ɗaya yake fitowa ba: akwai kuɗin mutuwa, akwai inshora, akwai na asusun taimakon juna. Amma kowace ƙofa hoton magaji take nema, da sa hannunsa, da lambar asusunsa na banki. Wan ya zo, ya zauna a tabarma ya karɓi gaisuwa, ya tattara takardu ya tafi.

Sau biyu Baba ya je ƙauyensu, mota biyu sannan babur. Wan bai yi masa rashin kunya ba. Ya ce shi ya sayar da hatsi ya kai ƙaninsa Zariya, shi ya yi masa aure, in tana son yaran su ci gadon ubansu ta kawo su gida a riƙe. Abin da ya ba ta a ƙarshe bai kai kuɗin hayar shekara ba. Wani lauya a ikilisiyarmu ya bayyana mana cewa a doka sunan da ke takardar nan ba shi ne mai gado ba, wakili ne kawai. Gaskiya ne, amma in kuɗi ya riga ya faɗa asusun mutum, fito da shi sai kotu, kotu kuwa sai kuɗi da shekaru. Ita kuma ta ce ba za ta kai baffan 'ya'yanta ƙara ba.

Ranar da wa'adin ɗakin ya cika ina wurin. A-kori-kura ɗaya ta kwashe komai: katifa, tukwane, kaskon awara, hotonsa cikin kaki an naɗe da zani. Ɗaya daga cikin tagwayen ya zura ƙafafunsa biyu cikin takalmin ubansa yana ƙoƙarin tafiya yana faɗuwa, 'yar'uwarsa na dariya. A nan na kasa riƙewa, na ja Magajiyar bariki, shugabar matan sojoji, gefe na faɗa mata abin da ya faru tsakanina da yarinyar. Hajiya ce, ta girmi yawancin hafsoshin barikin, ta ga irin wannan ba sau ɗaya ba. Ta dube ni ta ce, "Mama, ai da kin zo wurina. Ni a gaban samanja zan tare shi, ba kunyarsa nake ji ba."

Da dare na faɗa wa Baba. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce, "Sau uku muka zauna da yaron nan a zuwan nan." Bai ƙara komai ba, bai taɓa goranta mini ba har yau.

Tun daga nan Alhamis ta zama ranar takarda. Ina da jakar leda mai zif da nake yawo da ita. Duk amaryar da ta tare a bariki, bayan gaisuwa da sanin juna, nakan tambaye ta kai tsaye: an buga aurenku a oda? Yaran suna da takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, an kai ofis? Kin san lambar mijinki ta soja da ka? Sunan wa ke takardar magaji? Da yawa ba su sani ba. Wata shekararta tara da aure, sunan tsohuwar da ta rasu tun kafin bikinta ne a kai. Maganar yara kada a yi wasa da ita, domin akwai tsarin ɗaukar nauyin karatun 'ya'yan wanda ya mutu a bakin aiki, kuma sai yaron da ke cikin fayil. Shi ne kaɗai abin da ya tsira wa Maman 'Yan Biyu, da yake uban ya sa sunayensu.

Ɓangaren maza na Baba ne, kuma ya fi nawa wuya. Ranar da mutum ya iso da fas Baba ke zuwa, ba ya jira ya huta. Ya kan tuna musu yadda annabi Ishaya ya shiga wurin sarki Hezekiya ya ce ya kimtsa gidansa, Hezekiya kuma ya ƙara shekara goma sha biyar bayan haka, kimtsawar ba ta kashe shi ba. Wasu sukan yi dariya su ce, "Baba, so kake ta sa mini guba?" Wasu kuma da saninsu suka bar sunan uwa ko na ɗan'uwa, suna da dalilinsu. Ba ma tilasta wa kowa ya sa sunan matarsa, kuma ina roƙon masu shigowa aikin nan kada su tilasta, gida na mai gida ne. Abin da muke nema shi ne matar ta sani, wanda aka rubuta sunansa ma ya sani cewa amana aka ba shi, a faɗa a gaban shaidu. Wajen Musulmi, musamman mai mata biyu, limamin bariki muke haɗa su da shi. Rabon gado a wurinsu yana da ƙa'idarsa, shi ya san ta, kuma ya fi mu iya gaya wa wan mutum cewa kuɗin marayu ba nasa ba ne.

Akwai ƙananan abubuwa da muka koya a hanya. Ba ma kai labarin mutuwa. In hoto ko jerin sunaye ya fara yawo a WhatsApp, wata ta zo ta riƙe mini zani tana tambaya, nakan zauna da ita har dare in ya kama, amma sanarwa ta kwamanda ce da fasto ko liman, domin sunaye kan zo ɗaya kuma jerin kan zo da kuskure. Ba ma ba da rance daga aljihunmu, ta hannun zumuntar mata ko Magajiya ake bi. Waɗannan duk mun koye su da arha. Wancan ɗaya ne muka koya a kan wuyan yarinya da marayu biyu.

Kuma ba na cewa a rage addu'a. Ina yin ta a kowane ɗaki na shiga, da ita muke tsaye mu da matan nan. Abin da na daina shi ne rufe bakin mai tambaya da ita. In mace ta rage murya ta ce akwai maganar da ke cinta, ta riga ta kwana bakwai tana shawara da zuciyarta kafin ta furta, kuma wataƙila ba za ta sake furtawa ba. Maman 'Yan Biyu ba ta sake ba.

Yanzu tana haya a ɗaki ɗaya bayan katangar bariki, tana suyarta a bakin titi. Ina zuwa ran Asabar. Sai bayan shekara guda na iya buɗe baki na roƙe ta gafara. Ta ce, "Mama, ai ni ma ina da baki, ban tambaye shi ba." Na san don ta sauƙaƙa mini ta faɗa. Ita yarinya ce ta zo wurin babba, babba ya ce mata ta yi shiru.

Watan jiya wata amarya a layin da ke kallon masallaci ta tsayar da ni, mijinta ya zo da fas daga wajen Damboa. Ta fara da cewa, "Mama, ban san ko ya dace in tambaya ba." Na ajiye jakata a kan turminta na kira Baba a waya a gabanta, na ce ya baro asibiti ya zo yanzu. Da yamma suka zauna su biyu a gindin dalbejiya. Ran Juma'a yaron ya je ofis, ran Lahadi ya hau mota ya koma.