Abincin da ya zube a hanya shi ya kwashe mini kifi

Har yanzu raina na sosuwa idan na tuna kifayen kaf (carp a Turance) da suka wuni suna juyi a yadi 30 daga gaɓa, alhali ƙugiyoyina na kwance a yadi 80. A wani tafki ne a yankin Oxfordshire, irin tsofaffin ramukan nan da aka haƙi tsakuwa daga baya ruwa ya cika su. Watan Afrilu ne, kogunan Ingila a rufe suke ga masu kamun irin wannan kifi daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni, saboda haka duk mai sanda tafki ya nufa. Na zo da bokiti cike da tsabar hemfi da masarar gwangwani da felet (ƙwayoyin abincin kifi), har da ayar da na jiƙa awa 24 na tafasa rabin awa. Aya dai tamu ta gida, kaf na mutuwar sonta, sai dai ba kowane tafki ke yarda da ita ba, sai ka tambaya.

Mai shagon da ya sayar mini da sifod, wato 'yar kurtun roba da ake cikawa da abincin kifi a jefa da sanda zuwa inda ƙugiya take, cewa ya yi in ɗauki babba, in cika shi fal, jifa kaɗan na gama. Na gaya masa sandata ta kaf ce mai ƙarfin laba 3 (nauyin da ke lanƙwasa ta ke nan), bai ce uffan ba, ya karɓi kuɗinsa. Babban sifod idan ya cika yakan kai kusan giram 200, dalmar nutsar da ƙugiya da aka yi sandar dominta kuwa giram 85 ce ko kusa da haka. Sandar ta lanƙwashe har gindi ta kasa miƙewa a kan lokaci, sifod ya tashi yana kaɗa wutsiya, bayansa kuma a buɗe yake. Kowane jifa sai in ga masara na watsuwa a sama kamar mai yafin shinkafa a fadama.

Duk wanda ka tambaya zai ce maka illar zubewar nan asarar kuɗi ce. Kuɗin ba su dame ni ba. Abin da ba a faɗa shi ne, tunda wuri ɗaya kake tsayawa kuma wuri ɗaya kake nufa, abincin ma wuri ɗaya yake zuba a tsakiyar hanya. Ka shimfiɗa wa kifi wata walimar ke nan, wadda babu ƙugiya ko ɗaya a cikinta. Agwagi ne suka fara ganowa, sai tsuntsayen teku, can da la'asar kumfa ta fara tasowa daga ƙasa, kaf sun sauka a kai. Kifin da ya ƙoshi cikin kwanciyar hankali a yadi 30, me zai kai shi yadi 80?

Wani dattijo Bature da ke zaune kusa da ni ne ya taso ya ce in ba shi sifod ɗin. Ya zuba abinci har kashi biyu cikin uku ya tsaya. Ya ɗebi jiƙaƙƙen gari ɗan kaɗan ya toshe bakin, ya danna da babban yatsa a hankali, ba da ƙarfi ba, don idan ya cushe ba zai fita ba ko an isa. Sannan ya tsoma shi a ruwan gaɓa ya ɗago, ruwa na tsiyaya ta ramukan gefe, tsabar ta kwanta ta manne da juna. Da sandarsa ya jefa, mai ƙarfin laba 5. Ko ƙwaya ɗaya ban ga ta faɗo ba. Sifod ya doki ruwa, hancinsa mai iska ya juyo sama, ya amayar da kayansa duka a wuri ɗaya.

Tun daga ranar na gane cewa a bokiti ake hana zubewa, kafin ma a ɗaga sanda. Busasshen felet da masara zalla su suka fi tsiyayewa, sai an haɗa su da abu mai danshi. Idan kuma haɗin ya yi ruwa-ruwa, ramukan gefe za su yi ta feshi, sai ka naɗe su da salatif.

Jifan kansa ba na ƙarfin damtse ba ne. Ka saki zare har sifod ya rataya wajen mahaɗar sanda, ka kai shi baya, ka jira ya daina lilo sarai. Wannan jiran mutane ke gajiya da shi, kuma sifod mai lilo a karkace yake tashi. Ka fara a hankali, saurin ya zo a ƙarshe, hannun ƙasa na jawo gindin sanda zuwa ƙirji. Da ya tashi ka bar sandar a tsaye, lokacin da zare ya kai maƙalinsa a jikin injin naɗi sai ka bi shi da ita gaba. Idan ka ƙame hannu, sifod zai yi tsalle ya dawo baya ya zubar da kaya yadi da yawa kafin wurin. Wata walimar ke nan ta biyu ba ƙugiya.

Tazara kuwa da turaku biyu nake aunawa, ƙafa 12 tsakaninsu, in kai zare daga turke zuwa turke sau 20 ya ba ni yadi 80. Sandar ƙugiya nakan ƙara mata tazara kaɗan gwargwadon zurfin ruwa, tunda dalma na dawowa wajenka yayin da take nutsewa. Tufkakken zare mai laba 30 nake sawa, da mai laba 50 a gaba don ya ɗauki fizga, kuma ba na jifa sai da safar yatsa, zaren nan yanka yake kamar reza idan birkin inji ya zame. Sandar sifod ba ta shiga lissafin sandunan da lasisinka na kamun kifi ya yarda da su muddin ba ƙugiya a jikinta, to babu dalilin wahalar da sandar kaf da nauyin da ba nata ba. Da mai shagon nan ya faɗa mini wannan kaɗai, ko ya miƙo mini ƙaramin sifod da ya dace da sandata, da agwagi ba su cinye mini aya ba.

Yanzu akasari wani irin sifod mai suna Spomb nake jefawa, matsakaici, wanda ke rufe ruf sai hancinsa ya bugi ruwa ya buɗe. Ya rage zubewa ƙwarai, amma shi ma yana da halinsa. Tsaba ɗaya ta maƙale a leɓensa ba zai kulle da kyau ba, a sama zai dare ya yi maka ɓarnar da ta fi ta buɗaɗɗe, don shi gaba ɗaya yake zubarwa. Sai na share leɓen da yatsa na ji ƙarar kullewa kafin in kai shi baya. Idan kuma ya faɗi a kwance ba da hanci ba, ba ya buɗewa, sai ka jawo shi da nauyinsa duka ka sake jefawa. Buɗaɗɗen sifod ban jefar da shi ba, yana cikin jaka saboda ranar da nake son haɗi mai ruwa ya yi gajimare a saman ruwa, ko ranar da iska ta kwanta kuma wurin bai wuce yadi 50 ba.