Taga mai kallon kogin Shari

Ƙarya ɗaya muka yi wa Inna kafin mu bar Marwa, ita ma rabin ƙarya ce. Cewa muka yi za mu Kusiri gaida gwaggon uwargida da ta tashi daga jinya. Jinya kam ta yi, gaisuwa kuma mun kai. Abin da muka haɗiye shi ne daga can za mu tsallaka iyakar Kamaru zuwa Injamena, babban birnin Chadi, mu kwana biyu a otal, ni da matata, ba yaro ba goyo. Da wane baki mutum zai gaya wa mahaifiyarsa haka? A unguwarmu in aka ce an ga wane a otal, ba a tsayawa tambayar da wa aka gan shi.

Shekararmu 12 da aure, a gidan gado, ga Inna, ga ƙannena biyu da matansu, ga yara kamar makarantar allo. Ni a zaure nake cin tuwona da ƙannena, ita a tsakar gida da yara. In na ce ban taɓa zama na ci abinci da ita mu biyu ba, ban yi ƙari ba. Da Allah ya sa cinikin albasa ya yi kyau, sai na ƙudura a raina zan kai ta inda wani zai dafa, wani ya wanke kwano, ita ta miƙe ƙafa.

Na yi mako biyu ina leƙen hotunan otal-otal a waya, ina ƙirga taurari. Wannan huɗu, wancan biyar. Da na nuna mata wanda na zaɓa, mai fitilu kamar gidan biki, ta kalla ta miƙo mini wayata.

"Maigida, hoto ba ya wari. Kada ka biya ko dala sai na shiga ɗakin na shaƙa."

Na ji haushi a lokacin, amma na bi maganarta.

Bayan asuba muka tashi, cikin sanyin Disamba. Daga Marwa zuwa Kusiri kusan kilomita 260 ne, tafiyar da a takarda ba komai ba ce. Har Mora lafiya lau. Daga nan sai a hankali: ramuka, ƙura, manyan motocin kaya masu zuwa Chadi, da shingayen sojoji da jandarmomi, don yankin ya sha wuyar Boko Haram. A kowane shinge a sauko, a nuna katin shaida, a koma. Muka wuce Waza da duwatsunta, muka wuce Dabanga, gonakin masakwa kore shar a kan baƙar ƙasar da ta tsattsage, ba ruwan sama ba ban-ruwa. Sai bayan magariba muka shiga Kusiri, fari fat da ƙura. Muka gaida gwaggo, muka sauke rabin alhakin ƙaryarmu, muka kwana.

Da hantsi muka nufi gadar Ngeli da ke kan kogin Logon. Ɗan Kamaru ba ya buƙatar biza don shiga Chadi, kuma kuɗin ma ɗaya ne, sefar da ke aljihunka a Marwa ita ake karɓa a Injamena, ba canji ba asara. Amma ka riƙe takardunka da katin rigakafin shawara a hannu, ka kuma bar wayarka a aljihu, don ɗaukar hoto a gada ko kusa da fadar shugaban ƙasa neman magana ne. A tsakiyar gadar na tuna kakana. Shi bai taɓa cewa Injamena ba har ya rasu, Forlami yake cewa, don ta nan ya bi a ƙasa zuwa aikin Hajji, kuma sai a 1973 aka sauya wa garin suna. A nan Kusiri ne aka kashe Rabe, wanda ya ci Barno, ranar 22 ga Afrilun 1900, a yaƙin da shi ma kwamandan Faransawa Lamy, wanda daga sunansa aka samo Forlami, ya mutu. Na fara ba uwargida wannan tarihi, ta ce in bari mu sauka daga gadar tukuna.

Muka ɗauki tasi ta unguwar Walia, muka haye gadar Shaguwa a kan kogin Shari. Direban da Larabcin Chadi ya tarbe mu, "lale, lale", kalmar da ba ta buƙatar tafinta a kunnen Bahaushe. Na ce ya jira mu a duk inda muka tsaya, zan biya.

Otal na farko shi ne zaɓina. Daga ƙofa kam ba a magana: daɓe kamar madubi, sanyi ya bugi fuska, ma'aikata cikin kaya iri ɗaya. Har na fara gyara hula. Na ce wa saurayin da ke teburin karɓar baƙi muna son ganin ɗaki kafin mu biya. Ya ɗan yi jim, ya ba wani yaro mabuɗi ya raka mu. Abin da uwargida ta yi a ɗakin nan ban taɓa ganin irinsa ba. Ta buɗe famfo ta tara hannu har ruwan zafi ya zo. Ta ɗaga matashi ta sansana. Ta ja labule. Sannan ta ce wa yaron ya kashe na'urar sanyaya ɗaki, ta ɗora yatsa a leɓe. Muka yi tsit. Sai ga ruri yana tasowa daga ƙasa, janareto ne, wanda mu muke kira gurup, daidai ƙarƙashin tagar. A garin da wuta ke zuwa tana tafiya, babu babban otal da zai rayu ba shi, amma akwai bambanci tsakanin a ajiye shi can bayan gida da a ajiye shi a kunnenka. Tagar kuwa katanga take kallo da wurin ajiye motoci. Sauran ɗakunan masu taro sun kama.

"Kyan ɗan maciji," in ji ta a hankali, da muka fito.

Na biyu tsohon gini ne mai lambu, itatuwa masu inuwa, kuma ya fi sauƙin kuɗi. Ni ya kwanta mini. Amma ɗakin na warin rufi, kuma muna tsaye aka fara gwada lasifika a bakin wurin ninƙaya. Da ta tambaya, aka ce ana kiɗa ne a daren Juma'a da Asabar har tsakar dare. Ta ce in kiɗa take so, maƙwabtanmu na da biki a makon nan, kyauta.

A na ukun, a bakin Shari, na koyi darasi, ni na fara magana. Na ce ɗaki mai kallon kogi, a sama, nesa da gurup da mashaya. Da aka faɗi kuɗin, ya haura sefa dubu 100 a kwana ɗaya, na fara mayar da shi buhunan albasa a kaina, na ga abin zai ɓata mini rai, na bari. Sai na yi abin da na iya, ciniki. Manyan otal-otal na Injamena ba don masoya aka gina su ba. Tun da Chadi ta fara fitar da man fetur a 2003, ta bututun da ya taso daga Doba ya ratsa ƙasarmu har Kiribi, baƙinsu ma'aikatan kamfanoni ne da na ƙungiyoyin agaji da masu taro, waɗanda ba daga aljihunsu suke biya ba. Ƙarshen mako kuwa wurin ya kan yi sako-sako. Na ce wa matar da ke teburin kwana biyu za mu yi, kuma da gumina zan biya. Ta yi dariya, ta shiga ciki ta dawo, ta rage wani abu, ta ce karin kumallo na ciki. Na sa ta rubuta mini jimillar har da haraji a takarda, don ɗan kasuwa ba ya son lissafin da ke haihuwa da dare.

Uwargida ta maimaita jarrabawarta. Famfo, matashi, shiru. Da ta ja labule sai ta tsaya. Kogi ne shimfiɗe a gabanmu, ruwan ya ja baya ya bar tsibiran yashi, masunta biyu a kwalekwale suna jefa birgi, mata na wanki can nesa. Ba ta ce komai ba, ta dai ajiye jakarta a kan gado.

Akwai ƙananan abubuwan da taurari biyar ba su sani ba. Banɗakin ya fi ɗakinmu na gida girma, amma babu buta. Ashe ta zo da tata a ƙasan jaka, naɗe cikin zane. Alƙibla sai da na tambayi wani dattijo mai shara, ya nuna mini da hannu, ya kuma kawo darduma. Ƙaramin firij ɗin ɗakin cike yake da kwalabe, har da na giya, muka roƙa aka kwashe. Ruwan gorar da ke ciki ma na duba farashinsa na mayar, na aika aka sayo mana a shago.

Da yamma muka sauka wurin cin abinci na waje. Aka ja mata kujera, ta waiga ta ga ko da wani ake. Muka ce a kawo gasasshen giwan ruwa da zoɓo mai sanyi, wanda a can suke kira karkanji. Da farko kunya ta hana ta ci, tana ta gyara mayafi, kamar sabuwar amarya a gaban dangin miji. Ni ma, in faɗi gaskiya, ban san inda zan ajiye idona ba. Sai wani abu ya yi huci a cikin ruwa, kai ya ɓullo da ƙananan kunnuwa, ya sake nitsewa. Dorina! Ta dafa hannuna ba ta sani ba. Daga nan bakinmu ya buɗe. Muka yi hira har aka fara kwashe tebura, kuma sai can na lura mun fi awa ɗaya ba mu ambaci kuɗin makaranta ba. Ta gaya mini tun tana yarinya take son koyon ɗinki a keke. Shekara 12, ban sani ba.

Washegari muka zaga gari. Gidan tarihi na ƙasa, inda muka ga siffar ƙoƙon kan Tumai, wata daɗaɗɗiyar halitta mai kama da mutum, da aka gano a hamadar Jurab a 2001, wanda masana suka ce ya kai shekara miliyan 7. Ta ce Allah ne masani, mu je kasuwa. A babbar kasuwa, gab da masallacin Sarki Faisal, nan ta nuna mini ashe ban iya ciniki ba. Da ɗan Larabcinta na Kusiri ta sayi humra da turaren wuta, da garin shebe na gyaran gashi, da lafaya ruwan zuma. Na yi azahar a masallacin, muka ci gasasshen naman raƙumi da kisar, wata irin siririyar gurasa, a wata rumfa, kuɗinsa bai kai na shayin otal ba. Amma da la'asar ita ta fara cewa mu koma, kada rana ta faɗi ba mu a taga.

Ran Lahadi da sassafe muka haye gada muka kama hanyar gida. Da dare uwargida ta zube wa Inna tsaraba: turare, dabino, busasshen kifin salanga. A ciki har da wani ɗan mitsitsin sabulu mai ƙamshi, naɗe a farar takarda, wanda ya biyo ta daga banɗakin can. Inna ta ɗauka ta juya shi, ta sansana, ta dube ni ta dube ta.

"Ashe gwaggon taku ta warware sosai," ta ce, ta soke shi a haɓar zanenta.