Zoben tazarar haihuwa: jinin da za a jure da wanda ba a kwana da shi

Zoben roba ne mai laushi, faɗinsa milimita 54, mace ke saka shi da kanta a gabanta. Daban yake da robar da ake sa wa a mahaifa a asibiti. Irin su NuvaRing suna sakin sinadarai biyu a hankali, etonogestrel da ethinyl estradiol, su hana ƙwai fita. Yakan zauna mako 3, a cire a huta kwana 7, al'ada ta zo kwana 2 zuwa 3 bayan cirewa.

Ɗigon jini tsakanin al'ada, ciwon kai, tashin zuciya, nauyin nono da ƙarin farin ruwa duk suna faruwa a watannin farko, yawanci su lafa da kansu. In kina jin zoben yana tokare ki, bai shiga sosai ba ne. Wanke hannu ki tura shi ciki da yatsa. Ba zai ɓace ba, bakin mahaifa ya tare hanya.

Zubar jini mai yawa kuwa wata magana ce. Zoben rage jinin al'ada yake yi, don yana hana shimfiɗar mahaifa yin kauri. Saboda haka in audugarki tana jiƙewa sharkaf duk awa guda har awa 2 a jere, ko guda-guda na fita, ko jiri na ɗibarki, ko mara na murɗa ta gefe ɗaya, kada kowa ya ce miki "ai zoben ne, zai bi jiki". A fara da gwajin ciki, don cikin da ya zauna a wajen mahaifa haka yake zuwa, sannan a duba ƙarin mahaifa da ciwon sanyi. Kumburin ƙafa ɗaya, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi alamar daskarewar jini ce: a cire zoben, a nufi Asibitin Koyarwa na Shika da ke Zariya ko asibiti mafi kusa nan take. Mai hawan jini, mai shan taba da ta haura shekara 35, da mai jego da ba ta cika mako 6 ba, su nemi wata hanyar.

Yunƙuri a bayan gida kan fito da zoben. A ɗauraye da ruwan sanyi ko mai ɗumi-ɗumi, ban da mai zafi, a mayar kafin awa 3. In ya wuce haka, sai maigida ya yi amfani da kwaroron roba kwana 7. Maganin tarin fuka rifampicin ma yana rage masa ƙarfi.

Sai ajiya: in ba a firji ba, wata 4 ne iyakarsa, kuma kada zafi ya haura digiri 30. A bazarar Zariya ɗakin kwano ya wuce nan tun da hantsi, don haka ki tambayi mai kemis inda ya ajiye shi kafin ki biya.