Buhun irin darbejiya

Yau da hantsi Malam ya iso wurin renon bishiyoyi da buhun irin darbejiya da ya saya da araha, yana murna cewa mun huta da tsintar 'ya'ya a gindin bishiya. Baba ya ɗebi kaɗan ya fasa, ya ga ƙwayar ta motse ta yi duhu, sai ya ce, "Malam, wannan na bara ne. Zai ba da mai, amma ba zai tsiro ba."

Malam bai yarda ba, domin irin gawo da na bagaruwa da muka daɗe da ajiyewa sun tsiro lafiya. Na bayyana masa cewa waɗannan ɓawonsu yana da tauri har ruwa ba ya ratsa shi, shi ya sa suke jure ajiya, kuma shi ya sa sai mun jiƙa su da ruwan zafi sun kwana, ko mun kankare gefen ɓawon, kafin su tsaga. Ita kuwa darbejiya ana tsintar 'ya'yanta da zarar sun yi rawaya, a wanke naman, a shanya a inuwa, a shuka cikin makonni kaɗan, domin bayan wata biyu zuwa uku yawancin ƙwayar ta mutu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lokaci. Mun riga mun cika ledoji da ƙasa da yashi da taki, kuma dashe yana bukatar wata uku zuwa huɗu a leda kafin a kai shi fili idan damina ta kankama. Idan muka ɓata mako uku muna yi wa mataccen iri ban ruwa, abin da za mu dasa a Yuli ba zai yi ƙwarin da zai tsallake ranin farko ba, sannan a ɗora wa awaki laifi. Tun 1928 aka kawo wannan bishiya Borno, amma har yau ana sayen irinta ba a tambayi ranar da aka tsince shi ba, kuma wannan yana ɓata mini rai ƙwarai.



Malam ya amince a jera ƙwaya ɗari a jiƙaƙƙen buhu a ga nawa za su tsaga, amma na roƙi Baba ya tura yara tsintar sabon iri tun gobe.