Na tafi neman beya, na ɓuge da kallon ɗan tsuntsu

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida,

Gaisuwa mai yawa daga Kaliforniya ta Amurka. Asabar ɗin da ta wuce na hau dutse a gandun dajin Yosemiti, kuma har yanzu cinyoyina tsami suke yi.

Hanyar tana bin gefen kogin Merced har zuwa magangarar ruwan Vernal, inda kogin sukutum yake faɗowa daga tsayin mita 97. Gab da ƙarshe sai ka taka matakalar dutse fiye da 600, a jiƙe, ga santsi. Watan Mayu ne, dusar ƙanƙarar da ta taru a kan duwatsu lokacin sanyi tana ta narkewa, don haka ruwan yana kan ganiyarsa. Feshinsa kaɗai ya jiƙa mu sharkaf, rugugi kuwa sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Na leƙa ƙasa na ga bakan gizo a ƙarƙashin ƙafafuna. Ban san lokacin da na ce "Ikon Allah!" ba.

Amma gaskiya ba ruwa ne ya kai ni ba, beya na je gani, wato wani ƙaton naman daji mai yawan gashi. Wanda ke dajin ana kiransa baƙin beya, ko da yake yawancinsu ruwan ƙasa ne. Wani irin babban beya da ke jikin tutar jihar Kaliforniya kuwa an ƙarar da shi a jihar tun shekarun 1920, sai hotonsa. Doka ta ce in ka ga beya ka tsaya nesa da yadi 50, masu kwana kuma su kulle abinci a akwatin ƙarfe, domin beyan da ya saba da abincin mutane sau da yawa ƙarshensa a kashe shi. Na yi ta raba ido tun safe, ko sawunsa ban gani ba. Da wannan surutu namu ma, wane beya ne zai tsaya?

Kurege kam ya ishe mu da roƙo. Mun kuma ga barewa biyu masu kunnuwa fato-fato kamar na alfadari, ko kallo ba mu ishe su ba.

A hanyar dawowa na zauna ina matse safa, sai ga wani ɗan tsuntsu ruwan toka, bai kai kurciya ba, a kan dutse tsakiyar kogi yana ta durƙusawa yana miƙewa. Kafin in ankara ya yi tsundum cikin ruwan nan mai sanyin ƙanƙara. Na ce shi ke nan, ya tafi. Jim kaɗan ya ɓullo a wani dutsen da tsutsa a baki, ya kakkaɓe jiki, ya sake komawa. Ashe a ƙasan ruwa yake kiwonsa. Na fi rabin sa'a a wurin, har abokan tafiya suka gaji suka yi gaba.

Ina bin beya bashi. In Allah ya yarda zan koma a Satumba, da asuba.

Ku gaida mini kowa da kowa.

Ɗan'uwanku a Kaliforniya