Maciji a Aljihu

Tun da na sauka a birnin Poznan da ke yammacin ƙasar Poland a watan Oktoba na 2022, babu abin da ya tsaya mini a rai ya ƙi wucewa kamar wata magana guda da aka faɗa mini cikin raha, wadda na ɗauka yabo ce har na yi godiya a kanta, sai bayan wata huɗu na gane ashe sukana aka yi. Sanyin hunturu da duhun da ke rufe gari tun kafin ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba duk na jure su, domin an ba ni labarinsu tun ina Funtuwa. Wannan maganar kuwa babu wanda ya shirya ni a kanta.

Da rana karatu nake yi, sannan kwana uku a mako ina aikin dare a wani babban sito da ke bayan gari, inda muke tattara kaya muna ɗaurewa a kwalaye. A rukuninmu akwai 'yan ƙasa, akwai 'yan Yukren da dama, da wani ɗan Indiya, da wata 'yar Filifin, sai ni. Ingilishi ne ya haɗa mu, kowa da irin nasa. A ƙarshen shekarar 2023 shugabar rukunin, wata matashiya mai son mutane, ta kawo wani wasa da muke yi a lokacin hutun cin abinci: za ta ɗauko karin magana ko salon magana na harshensu, ta juya shi zuwa Ingilishi kalma da kalma ba tare da bayani ba, mu baƙi kuma mu cinki abin da ake nufi. 'Yan Yukren ba a cika barinsu su amsa ba, saboda harshensu ɗan'uwan na Poland ne, da yawa daga cikin maganganun sun san su tun daga gida.

Na ji daɗin wasan ƙwarai, kuma ba zan ɓoye cewa na yi alfahari da yadda nake cinka ba. Wanda ya tashi a gidan da kakarsa ba ta gama jimla biyu ba tare da ta jefa karin magana ba, ya san cewa maganar hikima ba a kallon fatarta. Da shugabar ta ce, “Mene ne haɗin biskit mai citta da injin niƙa na iska?” ban bari ta rufe baki ba na ce ai wannan shi ne me ya haɗa kifi da kaska, na fassara musu namu, suka yi ta tafi. Da ta kawo “inda Shaiɗan ke cewa sai da safe”, na ce wuri ne mai nisa da babu mai zuwa, irin wanda muke kira ƙauyen ƙayau, kuma haka ne. “Jifan bango da wake” ma na gane shi nan take, wato yi wa wanda ba ya ji magana, ka yi ta faɗa shiru kamar an shuka dusa. Wanda ya fi shahara a cikinsu, “ba dandalin wasana ba ne, ba birurrukana ba ne”, kowa ya san babu ruwana yake nufi. A ranar na ji Hausa ta ɗaga mini kai a gaban mutanen da ba su taɓa jin sunanta ba kafin su san ni.

Akwai inda harshena ya kai ni ya baro ni. Da aka ce “yin cokali mai yatsu na kwasar ciyawa daga allura”, sai zuciyata ta tafi kan allura ta tono garma, na ce ana nufin ƙaramin bincike ya bankaɗo babban al'amari. Ashe su kambama ƙaramin abu suke nufi, a mai da shi babba alhali bai kai ba. Allurar ɗaya ce, kayan gonar ma sun yi kama, amma kowane harshe da inda ya nufa da su. Wani kuma da ya ɗan sosa mini rai shi ne “zama kamar a wurin huɗubar Turkawa”, wanda suke faɗa wa mutumin da ke zaune ana magana ba ya fahimtar ko kalma ɗaya. Na yi shiru a kansa, domin ni kaina a lokacin haka nake zama ranar Juma'a idan liman ya juya huɗuba daga Larabci zuwa harshen ƙasar.

Daga nan sai ta karanto wanda ya sa nake wannan rubutu. A harshensu ana cewa mieć węża w kieszeni, wato mutum yana da maciji a aljihu.

Na riga na taɓa jin wannan magana. A watan Agusta na shekarar, wani dattijo da ke tuƙa motar ɗaga kaya a siton, wanda nake girmamawa ina kiransa Pan kamar yadda ake kiran manya a nan, ya zagayo da ambulan ana tara kuɗin sayen kyauta ga wani abokin aiki. Na ba shi haƙuri na ce ba zan samu damar sakawa ba. Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce da Ingilishinsa mai nauyi, “Kai kam kana da maciji a aljihu.” Waɗanda ke kusa suka yi dariya. Ni kuwa abin da ya zo mini shi ne gardawan da nake gani ina yaro a ranar kasuwa, masu fito da kumurci daga jaka suna rataya shi a wuya jama'a na ja da baya. A wurinmu mai yawo da maciji mutum ne da ya shirya, wanda ba a taɓa shi a kwana lafiya. Na ɗauka dattijon yana cewa ni mutum ne mai tsayuwa a kan ra'ayinsa, wanda ba a juya shi yadda aka ga dama. Na dafa ƙirji na ce, “Na gode, Pan.” Dariyar ta ƙaru, na ɗauka ta jin daɗi ce.

Saboda haka da shugabar ta karanto shi a wasan, ni na fara ɗaga hannu, na yi bayani da cikakken tabbaci cewa ana nufin mutum mai kwarjini da ɓoyayyen ƙarfi, har na ƙara da cewa an taɓa faɗa mini shi a nan wurin. Ɗakin ya yi tsit. Shugabar ta sunkuyar da kai kan wayarta, sannan ta ce a hankali ana faɗarsa ne ga wanda ba ya son sa hannu a aljihu ya fito da kuɗi, kamar yana tsoron wani abu zai sare shi a ciki. Marowaci ke nan, mai hannun jarirai. Dattijon yana zaune a ƙarshen teburi yana juya cokali a kofin shayinsa, bai ɗago ba. Na ƙarasa aikin daren nan ban sake cewa uffan ba, kuma a taragon da ya mai da ni masauki da asuba babu abin da nake juyawa a raina sai wannan godiya da na yi a watan Agusta.

Washegari shugabar ta same ni ta ce kada in ɗauki abin da zafi, wasa ne, kuma su mutanen Poznan su ne sauran 'yan ƙasa ke tsokana da tsimi da ƙididdigar kuɗi, kamar yadda ake tsokanar mutanen Krakow da maƙo. Na yarda da gaskiyarta, na kuma san tsokana irin wannan, domin mu ma muna da wasan Katsinawa da Nufawa, da na Kanawa da Zagezagi. Amma wasan taubasai yana da daɗi ne idan duka biyun sun san wasa ake yi. Ni wata huɗu na yi ina yawo da sunan da ban san an laƙaba mini ba.

Da a ce rago aka kira ni, ko baƙauye, da ban damu haka ba. Rowa ce ba zan iya haɗiyewa ba, saboda gidan da na fito. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, hatsi yake sayarwa, ba attajiri ba ne, amma ban taɓa ganin ya ci tuwon dare shi kaɗai ba. Da an idar da sallar isha'i ake fito da kwanuka zaure, maƙwabta su kawo nasu a haɗa, duk wanda ya biyo ta ƙofar a ce masa bismillah. Akwai kwanon da Inna ke ajiyewa daban na almajirai, kuma ko a shekarar da farashi ya karye aka tafka asara ba a daina cika shi ba. Ranar da ya rasu, mutanen da ba mu sani ba suka yi ta zuwa suna faɗin buhun da ya ba su bashi a lokacin bazara bai taɓa waiwayarsa ba. Ɗan wannan mutumin ne aka ce yana tsoron sa hannu a aljihu.

Abin da ba su sani ba shi ne aljihun nan ba nawa ba ne ni kaɗai. Idan albashi ya shigo, kuɗin ɗaki da na makaranta ne ke fara fita, abin da ya rage kuma an riga an raba shi tun kafin ya iso. Akwai maganin hawan jinin Inna na kowane wata. Akwai ƙanena da ke shirin jarrabawar gama sakandare, da ƙanwata da aka sa wa rana, kayan ɗakinta kuma a wuyana da na Yaya suke, shi kuwa Yaya malamin firamare ne mai 'ya'ya biyar. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, kowane saƙo da ke zuwa daga gida da sabon farashi yake zuwa. Gaskiya ne zloti ɗaya, wato kuɗin Poland, ya koma naira mai yawa, mutane a gida suna ganin kamar na samu sauƙi, amma mudun masara da kuɗin mota sun bi shi a guje. Zloti ashirin da ake sakawa a ambulan, wanda a wurin abokan aikina kuɗin shayi da burodi ne, ni idan na dube shi cefanen gidanmu nake gani. Ban da wannan, sau da yawa kwalbar giya ake saya da kuɗin a matsayin kyautar, abin da ya sa na fara janye hannuna tun farko, kuma ban taɓa yi wa kowa bayani ba saboda ina gudun a ce ina yi musu wa'azi.

Duk da haka, da na natsu na ga inda suke da hujja, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Al'adarsu ce mai bikin ranar haihuwa ko ranar suna, wato ranar da kalandarsu ta ware wa sunan mutum a kowace shekara, wadda suke kira imieniny, shi ne ke kawo kek da alewa wurin aiki ya raba wa kowa. Na ci nasu sau da yawa. A ranar 11 ga Nuwamba ma, da suka kawo burodin nan mai siffar ƙaho na Waliyyi Martin da garin ya yi suna da shi, an ajiye mini nawa. Ni kuwa ba ni da ranar suna a kalandarsu, ba na kuma bikin ranar haihuwa, saboda haka sama da shekara guda hannuna karɓa kawai yake yi a idonsu. A Funtuwa da na ga mutumin da ke zama a zaure kullum yana cin tuwon mutane bai taɓa fito da kwanonsa ba, na san sunan da zan kira shi.

Na daɗe ban faɗa wa kowa a gida ba. Sai wata Juma'a da na kira Inna, bayan mun gama gaisuwa ta tambaye ni abin da ke damuna, domin ta ce muryata ba daidai take ba. Na ba ta labarin tun daga farko. Da ta ji an ambaci maciji sai ta yi salati, ta tambaya ko a ɗakin da nake kwana ne, na yi ta kwantar mata da hankali kafin ta fahimci magana ce kawai. Da ta gane ma'anar kuwa sai ta yi shiru mai tsawo, har na duba wayar ko ta yanke. Can ta ce, “Ɗan Malam ne za a kira marowaci a garin mutane?” Ta ce daga wannan watan in rage kuɗin maganinta in riƙa saka musu abin da suke tarawa, ita za ta san yadda za ta yi. Na ce, “Inna, ki yi haƙuri, wannan kam ba zan iya ba.” Ta ce to in nemi abin da zan kai musu da hannuna, ko da dabino ne, kada in bari a ci gaba da ambaton gidanmu da wannan suna.

A ƙaramar salla ta watan Afrilun 2024 na kwana ina soya cincin a ɗakin girkin da muke tarayya da wasu ɗalibai, Inna tana gaya mini ma'aunin fulawa da sukari ta waya, na haɗa da dabino na kai sito na ce yau ranar bikinmu ce. Sun ci sun yaba, dattijon ma ya ɗebi nasa ya ƙulla wa jikarsa a takarda. Har yau ban gaya masa inda kuɗina ke tafiya ba, domin a tarbiyyar da na samu ba a tallata abin da aka yi wa mahaifa, kuma ban san ko ya janye maganarsa a zuciyarsa ba. Idan ambulan ya zagayo yanzu nakan tambayi abin da za a saya, in ba giya ba ce in saka, in cire daga kuɗin abincina na makon.

An ɗaura auren ƙanwata ban samu zuwa ba, a waya na ga gadon da kujerun da muka haɗa kuɗinsu ni da Yaya. Ƙanena ya ci jarrabawarsa, yanzu maganar kuɗin rajistar jami'a ake yi. Jiya Yaya ya turo saƙo cewa damina ta kusa, gonar Malam tana buƙatar buhu huɗu na taki, kuma likita ya sauya wa Inna magani zuwa wani wanda ya fi na da tsada.